Sifilin Mama

Ni na koya wa Mama wasan, don haka duk abin da ya biyo baya ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana aikin jinya a sashen gaggawa. Ranar da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango da takardar yabo, ta dawo gida ta rataye su, ta zauna. Zaman nan shi ya so ya kashe mana ita. Kullum da safe sai ta ciro farar rigar aikinta ta goge, ta ninke, ta mayar cikin durowa. In na tafi shagona na gyaran waya na bar ta a kujerar bakin taga, a nan zan dawo in same ta, shayin da na haɗa mata ya huce a kofi ko kurɓa ba ta yi ba. Baba ya daɗe da rasuwa, yayyena sun yi aure sun watse, daga ni auta sai ita a gidan.

Wata Lahadi da rana ina wasa a falo, sai na ji numfashinta a bayana. Wasan na intanet ne, duniya ce guda da garuruwanta da dazuzzukanta, dubban mutane daga ko'ina suna cikinta a lokaci ɗaya, kowa da mutum-mutumin da yake juyawa. Kowa daga mataki na ɗaya yake farawa, da sanda da tsumma, yana yaƙi yana tara maki yana hawa. A can sunana Guguwa, ina mataki na saba'in, kuma ni ce shugabar Rundunar Gaggafa, mutum arba'in a ƙarƙashina. Ba don alfahari na faɗa ba. To, da ɗan alfahari.

Mama ta nuna wani mayaƙina da yatsa. "Wannan layin da ke saman kansa, me ya sa ya koma ja?"

"Jininsa ne ke ƙarewa."

"To uban me kuke jira?"

"Mai maganinmu bai shigo ba yau."

Ta yi tsaki. "Asibitin banza."

Sati bai zagayo ba na harhaɗa mata kwamfuta daga gawarwakin wasu uku da ke jibge a shago. Ta zaɓi mai magani, ta sa mata farar riga, ta raɗa mata Sista, sunan da aka kira ta da shi a wurin aiki tsawon rayuwarta. Ita dai "yarinyata" take ce mata. Na shigar da ita rundunarmu, amma na kafa mata sharaɗi: kada kowa ya ji cewa ita ta haife ni.

"Kunyata kike ji?" ta tambaye ni ta saman tabarau.

"Haba Mama, tsarin runduna ne kawai." Ƙarya nake yi, ita ma ta san ƙarya nake yi, ta dai ƙyale ni.

Cikin wata biyu ta zama mai maganin da ba mu taɓa samun irinta ba. Yatsunta ba su da sauri, amma idonta ba ya kuskure. In yaƙi ya kaure kowa yana ihun "Sista, ni! Sista, ni!" a cikin abin kunne, ba ta ko waiwayar mai ihun. Sai ta wuce wurin wanda ya yi shiru. Wai wanda ke da ƙarfin ihu yana da sauran numfashi. Ƙarfe takwas na safe take karɓar aiki, ƙarfe biyu ta tashi, kuma ba ta tashi sai ta rubuta rahoto a wani littafi mai baƙin bango: wa ya faɗi, a ina, me aka yi masa. Na yi mata dariya har na gaji. Amma dutsen guga ya huta, kofin shayi kuma ya koma dawowa kicin babu komai a ciki.

Matsalar guda ɗaya ce, ita ma ba ƙarama ba. A wasan, in an kayar da mutum ba nan take yake mutuwa ba. Yana kwance na minti ɗaya, agogo yana ƙirgawa a kansa. In mai magani ya ɗaure masa rauni kafin lokacin ya cika, ya tashi. In ba haka ba ya mutu, ya yi asarar makin da ya wahala ya tara, a mayar da shi can garin da ya fito. Masu wasan ba su hana ka ɗaure wa kowa rauni ba, sai dai maki na wanda ya yi wa ɗan tutarsa ne kawai. Saboda haka babu mai hankalin da ke ɓarnatar da bandeji a kan abokin gaba.

Sai Mama.

Rannan a Kwarin Ƙaya mun gwabza da Rundunar Kura, manyan abokan gabarmu masu shuɗiyar tuta. Mataimakina, wani mai zafin kai da ake kira Kunama, ya shafe minti goma yana fafatawa da shugabansu Baƙin Ƙarfe kafin ya samu ya kayar da shi. Muna cikin sowa, sai ga farar riga ta ratsa tsakiyarmu a natse, ta durƙusa, ta ɗaure wa Baƙin Ƙarfe rauni. Mutumin ya miƙe ya tsaya cak, shi kansa abin ya ɗaure masa kai, sannan ya juya ya tafi. Ihun da Kunama ya yi sai da na cire abin kunnena.

Na juyo kanta, don teburinta yana gefen nawa. "Mama! Tutarsa shuɗiya ce!"

"Ni ban ga tuta ba. Ja na gani."

"Abokin gaba ne!"

"Auta, an taɓa kawo mini ɓarawo da mutumin da ya sara a mota ɗaya. Ɓarawon ya fi zubar da jini. Wa kike tsammani na fara tare wa?"

Hali zanen dutse. Na yi lallashi, na yi faɗa, na zana mata tutoci a takarda na liƙa a gefen kwamfutarta, duk a banza. Rabin maganinta a kan 'yan Kura yake ƙarewa ba maki ko ɗaya, ga shi ko ɓeran cikin wasa ba ta yarda ta kashe. Haka ta maƙale a mataki na ashirin da bakwai wata uku cur.

Ana haka aka sa ranar babban yaƙin Ganuwar Dutse, Asabar ƙarfe huɗu na yamma. Dokar wasan ita ce wanda bai kai mataki na talatin ba ba ya shiga ƙofar ganuwar. Kunama ya samu abin da yake nema. Ya ce a gaban kowa: ko dai tsohuwar nan ta kai talatin kafin Juma'a, ko in cire ta a ba wani gurbinta. Da yawa suka goya masa baya. Ni kuma na tuna kujerar bakin taga da shayin da ke hucewa.

Sai dabara ta faɗo mini, irin dabarar da ake garin neman gira a rasa ido.

Ranar Laraba Mama ta tafi wuni gidan yayata ganin jikoki. Na ƙi buɗe shago. Na kunna kwamfutarta, lambar sirrin ma ni na saka mata. Na saya wa Sista wuƙa, na kai ta wata mararraba da ƙananan 'yan Kura ke bi, don kashe ɗan wata runduna ya fi komai kawo maki. Na shirya guje-guje da kora. Amma babu wanda ya gudu. Suna hango farar rigar sai su karkato su nufo ta, wasu har da ɗaga hannu. Wani mai suna Ɗan Tsako ya rubuto, "Sannu da aiki, Sista." Na soka masa wuƙa. Na ci gaba, ina gaya wa kaina ai wasa ne. Kafin la'asar Sista ta taka mataki na talatin.

Da Mama ta dawo ko mayafi ban bari ta ajiye ba. "Albishirinki! Zo ki gani."

Ta sa tabarau ta zauna. Ba ta ko kalli lambar matakin ba. Wani shafi ta buɗe, wanda ni ban taɓa damuwa da shi ba, inda wasan ke ajiye tarihin kowa. Layi biyu ta tsaya a kai. Waɗanda ta ɗaure wa rauni: dubu shida da ɗari biyu da goma sha biyu. Waɗanda ta kashe: arba'in da ɗaya. Ashe a wurin nan sifili ne tun ranar farko, kuma ashe shi take fara dubawa kowace safiya kafin ta karɓi aiki.

"Wa ya ba yarinyata wuƙa?"

Na fara zuba bayani, Kunama, doka, Juma'a, gurbi. Ta bari na gama.

"Sun gudu?"

"A'a."

"Ba za su gudu ba," ta ce a hankali. "Sun san ta."

Ta rufe kwamfutar ba tare da ta buga ba, ta shige ɗakinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari da safe ina ɗaura takalmi na ji ƙaurin dutsen guga. Na leƙa na ga farar rigar shimfiɗe a kan tebur. A shago ranar nan sai da na ƙona allon wayar mutane, abin da rabona da yi tun ina koyo.

Da yamma na durƙusa a gabanta na ba ta haƙuri. Ta dafa kaina ta ce, "Ni na yafe miki, ke 'yata ce. Amma ba ni kika soka ba."

Gaskiya ta faɗa, don a allon sanarwa na wasan, wanda kowa da kowa ke karantawa, 'yan Kura sun riga sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa Sista maciya amana ce, duk inda aka gan ta a kashe. Na karanta, na san amsar da ya kamata in rubuta, na rufe shafin. Shugabar da ta shiga da sunan wani ta yi kisan mummuƙe ba ta sake riƙe tuta, kowa ya san haka.

Ranar Juma'a da safe Mama ta kira ni. Kwamfutar a buɗe take.

"Nuna mini yadda ake goge ta."

"Mama, wata tara fa! Kayanki, matakinki, mutum dubu shida!"

"Su mutum dubu shidan sun riga sun tashi, goge ta ba zai sake kwantar da su ba. Nuna mini."

Na nuna mata. Wasan ya tambaye ta sau biyu ko ta tabbata, ta amsa sau biyu. Farar rigar ta ɓace. Ban gama share hawaye ba na ga ta buɗe sabuwa. Mai magani, mataki na ɗaya, sanda da tsumma da bandeji uku, ba runduna ba tuta. A gurbin suna ta rubuta Sista.

"Ki canza sunan mana, nemansa ake yi."

"Sunana ne."

"To ina za ki da ita?"

"Wurin aiki. Gobe akwai yaƙi, za a samu masu rauni. In ba a bar ni na shiga ba, ai ƙofa tana da waje."

Daga Ƙauyen Farko, inda sababbi ke sauka, zuwa Ganuwar Dutse tafiya ce mai nisa ga wanda ba shi da doki, kuma dole a bi ta Gadar Igiya, a tsakiyar ƙasar Kura. Ɗan mataki na ɗaya ko tari aka yi a kusa da shi ya faɗi.

Asabar da hantsi ta kama hanya. Ni ina bakin ganuwa ina jera mayaƙa, amma idona yana kan fuskar kwamfutarta. Ta isa gadar ta tarar da su, kusan mutum talatin, Baƙin Ƙarfe a gaba. Sara ɗaya suka yi mata. Ta kwanta minti ɗaya a kan katakon gadar, babu wanda ya matso, agogon ya cika, aka mayar da ita ƙauye. Na saci kallon fuskarta. Ta kurɓi shayi, ta gyara zaman tabarau, ta sake kama hanya.

Karo na biyu ma haka. A karo na uku, saura rabin awa a buɗe ƙofar ganuwa, na hango gadar tana matsowa a fuskar kwamfutarta, na ji ba zan iya ba. Na juya dokina.

"Guguwa, ina za ki?" Kunama ya daka mini tsawa a kunne. "Yanzu za a fara!"

Na ba doki wuta na riga ta isa gadar, na sauka a tsakaninta da su, na yar da takobina a ƙasa. Sannan na buɗe muryar fili, wadda duk wanda ke yankin yake ji, har da rundunata.

"Ni ce Guguwa, shugabar Gaggafa. Ranar Laraba ba Sista kuka gani a mararraba ba, ni ce. Na shiga da sunanta ba da saninta ba, na kashe mutum arba'in da ɗaya da suka zo gaishe ta. Da ta gani, ta goge aikinta na wata tara ta dawo mataki na ɗaya." Na nuna Sista da ke tahowa a bayana. "Mahaifiyata ce. Shekara talatin da huɗu tana jinyar mutane a asibiti, ba ta taɓa tambayar kowa na wane ne ba. Ni na ɓata mata suna. Mai jin haushi ga ni nan."

Abu na farko da ya motsa shi ne tutar da ke saman kaina. Dokar rundunarmu ta ba manya uku damar tsige shugaba, su kuwa ba su ɓata lokaci ba. Tutar ta ɓace, ba shugabanci ba runduna. Shekara huɗu na yi ina gina ta.

Sai wani ƙarami ya keto daga cikin 'yan Kura da gudu. Ɗan Tsako ne. Ya kai mini sara da iya ƙarfinsa, ya manta, ni ma na manta, cewa sulkena mai ƙaya ne, yana mayar wa mai sara da rabonsa. Ni ko gezau, shi kuwa ya zube. Ganin haka manyan suka rufar mini. Ban ɗaga hannu ba. Sun ɗan sha aiki kafin su kai ni ƙasa, wannan kam zan faɗa, amma sun kai ni. Agogo ya fara ƙirgawa a kaina. Nasa ya riga nawa da kusan rabin minti, ga shi masu maganinsu duk suna can ganuwa.

Sai ga tsumma da sanda ta hawo gadar. Wani ya ɗaga gatari, Baƙin Ƙarfe ya sha gabansa. Suka dare gida biyu ta wuce ta tsakiya. Ta tsaya a kanmu, ni a dama shi a hagu. Bandejin ɗan mataki na ɗaya ba ya sauri, na kuwa san abin da mutuwa za ta ci mini a mataki na saba'in.

Na cire abin kunne na juyo. Tsakanina da ita bai fi kamu biyu ba. "Mama, ni ce fa."

"Na gan ki," ta ce, idonta a kan aikinta. "Kina da ƙarfin magana."

Ta durƙusa a kan Ɗan Tsako.

Wallahi ban taɓa jin alfahari da wani mahaluƙi irin na lokacin nan ba. Ina kwance agogona yana zuba, ina dariya hawaye yana bin kumatuna. Yaron ya miƙe. Ta juyo kaina ba gaggawa, kamar mai zagayen safe. Saura daƙiƙa uku bandejin ya kama, na tashi da ɗan siririn jini.

Sai wani haske ya kewaye ta, ƙararrawa ta kaɗa. Mataki na biyu. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Ita ba tuta, ni ba tuta, sai wasan ya ɗauke mu 'yan gida ɗaya ya ba ta makinta.

'Yan Kura ne suka raka ta har ƙofar ganuwa, sahu biyu, ita a tsakiya tana takawa da sandarta. Ɗan Tsako ya juye mata duk bandejin da ke jakarsa, sauran ma suka bi bayansa. Ni ina can ƙarshe ina jan doki. Ba ta shiga ba, don doka ba ta canza ba. A waje ta zauna gindin wani dutse, aka dinga jawo mata masu rauni, masu rawayar tutar Gaggafa da masu shuɗiyar Kura a layi ɗaya. Har Kunama sai da aka kawo, ta ɗaure masa rauni ya tashi. Wanda ya ci yaƙin kuwa, sai ku tambayi wani.

Da magariba ta gabato ta miƙe tana dafa ƙugu, ta ce in ɗora ruwan shayi. Littafinta mai baƙin bango yana buɗe a kan tebur, ta fara sabon shafi. Na san bai kamata ba, amma na leƙa. A sama ta rubuta kwanan wata, a gefe ta zana sifili ta ja masa layi a ƙasa. Layin farko na Ɗan Tsako ne. Layi na biyu kuma ga abin da ta rubuta da ɗan karkataccen rubutunta na asibiti:

"Auta. Gadar Igiya. Ta zo da kanta. Za ta warke."